Kundin gwaji: neman imolshan da zai jure tawadar ruwa da ta cire rini

4 ga Agusta

Abin da ya sa aka buɗe kundin nan shi ne allon buga zane a riga da ke mutuwa tun aiki bai yi nisa ba. Imolshan ɗin da ke shago, wato ruwan da ake shafa wa ragar allo don fitar da zane, don tawadar roba ta filastisol aka saye shi, kuma a can ba shi da laifi, allo ɗaya ya buga riguna ɗaruruwa, a goge shi a jingine, wani mako a sake ɗaukowa. Da aka zuba masa tawadar ruwa, kafin riga ta sittin bakin haruffa ya fara zaizayewa, ɗigo-ɗigon tawada suka soma bayyana inda babu zane. Da tawadar cire rini kuwa, wadda 'yan sana'a ke ce wa disicaj, ko arba'in bai kai ba. Ana taɓa cikin allon da yatsa imolshan na biyowa kamar kunu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Imolshan kansa da ruwa ake narkar da shi, haske ne ke ɗaure shi ya taurare, shi ya sa inda baƙin fim ya tare haske yake wankewa a bar ƙofar zane. Filastisol ba ruwa a cikinsa, don haka ko allon bai ƙonu sosai ba, wato bai sha isasshen haske ba, asirinsa a rufe yake. Tawadar ruwa kuwa kwanciya take yi a kan allo awa biyu, awa uku, tana jiƙa shi, sikwiji, robar da ake jan tawada da ita, na bi yana gurza. Disicaj ya ƙara da hodar da ke cinye rinin riga, ita ma ba ta barin imolshan ya huta.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai na diyazo, wanda ke zuwa da 'yar kwalbar hoda a haɗa kafin amfani. Yana da jinkirin ƙonuwa amma yana yafe kuskuren lokaci. Akwai na SBQ, wanda ke zuwa a haɗe, yana ƙonuwa da sauri, yana kai kusan shekara a ajiye, sai dai daƙiƙa kaɗan ke raba daidai da kuskure. Sai mai haɗi biyu, wanda ya haɗa halin duka biyun, shi ma ana zuba masa diyazo. Manyan kamfanoni irin su Ulano da Chromaline na Amurka, Saati na Italiya, KIWO na Jamus da Murakami na Japan kowanne yana da nasa a waɗannan rukunai, kuma a kowane rukuni akwai mai jure ruwa akwai marar jurewa. Kalmar diyazo a jikin roba ba ta isa hujja ba, sai an karanta takardar bayanin an ga an rubuta cewa yana jure ruwa.

Uku za a gwada, an sa musu haruffa. A shi ne SBQ mai jure ruwa, B diyazo zalla mai jure ruwa, C mai haɗi biyu. Haɗin gargajiya na farin gam da hodar bayikuromet ba ya cikin lissafi: hodar guba ce ga fata da huhu, haɗin ba ya daɗewa, kuma ruwan wankinsa kwata yake bi ya shiga unguwa.

6 ga Agusta

An shirya allo tara, uku ga kowane iri. Firam na alminiyom, raga rawaya mai lamba 61T, wato zare 61 a santimita, wadda 'yan Amurka ke kira 156. An bar 43T da aka saba da ita don filastisol, saboda tawadar ruwa tsinkakkiya ce, raga mai faɗin ido tana zubar da ita fiye da kima. Firam ɗin katako an ajiye shi gefe. Aikin nan wanka ne da yawa, katako kuma in ya sha ruwa sai ya karkace ragar ta saki.

Zanen gwaji ɗaya ne ga kowa: baƙin dunƙule mai faɗin tafin hannu, rubutu ƙanana, da siraran layuka.

An wanke kowace raga da maganin cire maiƙo, gaba da baya, aka ɗauraye har ruwa ya riƙa sauka shimfiɗe ba ya tsinkewa. In ruwa ya dunƙule ɗigo-ɗigo a wani wuri, to akwai sauran maiƙo, kuma nan ne imolshan zai fara ɓallewa. Sabulun wanka bai dace ba, yawancinsa akwai man laushin fata a ciki.

Haɗa diyazo: a zuba ruwa mai ɗan ɗumi cikin kwalbar hodar zuwa kashi uku cikin huɗu, a rufe, a girgiza har ba sauran gari a gindi, a juye cikin imolshan, a juya da tsabtataccen itace ko roba har launi ya zama ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ruwan batir tatacce aka yi amfani da shi, wanda ba a sa wa asid ba. Ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da ƙarfe da gishiri, diyazo kuma ba ya shiri da ƙarfe, shi ya sa ma ba a juyawa da cokali mai tsatsa. An rufe B da C sun kwana don kumfa ta fita, aka rubuta ranar haɗi a murfi.

9 ga Agusta

Shafi. Sau ɗaya ta bayan allo, wato ɓangaren da ke taɓa riga, sannan sau ɗaya ta ciki, da bakin magudanar shafi mai kauri. Na ciki ne ƙarshe koyaushe, domin shi ke tura imolshan ya fito ta baya inda ake bukatarsa. Ba a yi kaurin da ake yi wa filastisol ba. Tawadar ruwa cikin zare take shiga, ba ta bukatar rami mai zurfi, kuma shafi mai kauri wahalar bushewa da wahalar ƙonuwa kawai yake jawowa.

A nan aikin ya tsaya cak. Ma'aunin danshi da aka rataya a ɗakin ya nuna sama da kashi 70, ga ruwa ana yi kusan kullum. Allon da ya kwana gaban fanka ya bushe a taɓi, amma da aka ɗora fim sai ya manne, da aka ɗaga ya yi ƙara ya bar tabon tawadarsa a jikin imolshan. Alamar ke nan cewa fata ce kawai ta bushe. Ruwan da ya rage a ciki yana hana ɗaurin da haske ke yi ya kammala, ko an ninka lokaci. Abin da ake nema shi ne danshi ƙasa da kashi 40.

An haɗa akwatin busarwa da falanki, mai layin katako ta gefe da gefe yadda allo zai kwanta a kwance, bayansa na kallon ƙasa. A gindi an sa ƙaramar hita mai fanka, a sama an huda ƙofar fitar iska, ƙofar shiga kuma an rufe ta da soso don ƙura. Zafi kada ya wuce digiri 40, in ya wuce diyazo zai fara dahuwa tun bai ga haske ba, zane ya ƙi wankuwa. Ana riƙe shi tsakanin 32 da 37. A haka ma'aunin cikin akwati yana sauka ƙasa da 40 cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, a ƙara masa rabin awa a kai. In wuta ta ɗauke a tsakiya, lissafi ya koma farko. Kuma allo daga akwati sai kan gilashin ƙonawa kai tsaye, don in ya zauna a ɗaki rabin awa a wannan damina zai sake shan laima.

13 ga Agusta

Ƙona allo. Fitilar LED ce mai 395 nm, tazarar santimita 40, gilashi a sama, baƙin soso a ƙasa yana danne fim. Lokutan da ke ƙasa na wannan fitila ne da wannan raga da wannan kaurin shafi, ba za su yi wa wani shago aiki ba.

An daina ƙiyasi da ido. An manna ɗan siririn fim na Stouffer mai matakai 21 a gefen kowane allo. Bayan wanki, matakin da ake so ya tsaya daram shi ne na 7. Kowane mataki ɗaya yana nufin a ninka lokaci da 1.4, mataki biyu kuma ninki biyu cif. Wanda ya ƙona daƙiƙa 60 ya samu mataki na 5, to 120 yake bukata. Wanda ya samu 9 ya raba biyu.

Tsohon lokacin da shago ya saba da shi ya ba da mataki na 4 zuwa 5. Wato tun fil azal allunan rabin ƙonuwa suke yi, filastisol ne ke rufa musu asiri. Haske ta bayan allo yake shiga, saboda haka ɓangaren da ke ƙarshen samunsa shi ne na ciki, kuma nan ne daidai inda tawada ke kwanciya sikwiji ke gurza. Gwajin da ba ya bukatar sayen komai: yayin wanki a shafa farin ƙyalle a cikin allo. In ya yi santsi, ko ƙyallen ya ɗauko launi, allon bai ƙonu ba.

A ya kai mataki na 7 a daƙiƙa 25, C a minti ɗaya da rabi, B sai da ya haura minti uku.

Da aka ƙara lokaci sai wata matsala ta ɓullo: siraran layuka suka toshe. Laifin fim ne. Takardar tiresin da aka buga a firintar leza, in an ɗaga ta ga fitila ana ganin haske na ratsa baƙin. Shi ya sa masu buga riga da yawa ke rage lokacin ƙonawa don zane ya buɗe, su sayi buɗewar yau da mutuwar allo gobe. An koma fim mai santsi na firintar tawada, an ƙure baƙin a saitin firinta. Inda dole sai tiresin, a buga biyu a haɗa su daidai a manne.

18 ga Agusta

Zagaye na farko, farar tawadar ruwa a kan tsummokaran auduga, sikwiji mai taurin 70, bugu 300 kowane allo. Duka ukun sun kai ƙarshe. A ya ɗan yi laushi ta ciki wajen bugu na 250, B da C ko gezau. Busarwa da cikar ƙonuwa kaɗai sun kawar da mafi yawan abin da aka ɗora wa imolshan.

Ɗigon da ya fito a gefe ba daga imolshan ba ne. Maganin toshe huda da ke shago na filastisol ne, ruwa ke narkar da shi, tawadar ta lashe shi cikin minti goma. Yanzu da imolshan ɗin kansa ake toshe huda da gefuna, a busar, a sake haskawa.

22 ga Agusta

Disicaj. Hodar da ke tayar da ita ZFS ce, ana auna ta da sikeli, giram 6 a kowane giram 100 na tawada. A juya, a bari minti goma zuwa sha biyar, a sake juyawa har a murza tsakanin yatsu cikin safar hannu ba a jin tsakuwa. Garin da bai narke ba yana bin bakin sikwiji yana karce allo kamar yashi. An ga dogayen layuka a cikin allon farko kafin a gane daga ina suke. Haɗin yana aiki kimanin awa takwas, bayan nan ƙarfinsa ya tafi, don haka abin da za a shanye a ranar kawai ake haɗawa.

A ya fara huda wajen bugu na 120, daidai inda kusurwar sikwiji ke sauka. C ya kai kusan 300 kafin bakin ƙananan haruffa ya fara cinyewa. B ya gama 300 lafiya, sai dai shi ne ya fi rasa kaifin siraran layuka tun a wanki.

Hudar A ta nuna wani abu da ya shafi kowa. Kusurwar robar sikwiji kaifi gare ta, kuma a layi ɗaya take bi sau ɗaruruwa. An goge kusurwoyin da sanfefa suka yi zagaye, an kuma manna salatif mai jure ruwa ta bayan allo a kan layin nan biyu. Salatif na takarda jiƙewa yake ya saki.

Abu biyu a gefe, tunda sun ci riguna. Disicaj auduga zalla yake ci, wadda aka rina da rinin da ke sakin launi. Tishat ɗin Kantin Kwari da yawa akwai foliyesta a ciki ko me aka rubuta a wuya, sai zane ya fito toka-toka. Shuɗi mai haske, kore shar da shunayya suna da taurin kai ko a auduga, baƙar rigar da aka sake rinawa a kan wani launi kuma tsohon launin ne zai leƙo. A gwada riga ɗaya daga kowane dila kafin a karɓi aiki. Na biyu, launi ba ya fitowa sai a zafi, digiri 160 na minti biyu zuwa uku, kuma tururin yana ɗauke da fomaldihayid da warin ƙibiritu. Injin gasawa a bakin taga yake yanzu, fanka na jan iska waje, kuma ana gaya wa mai kaya a wanke rigar kafin a sa.

27 ga Agusta

An gwada sake haskawa bayan wanki. In allo ya bushe sarai, a kai shi rana cikinsa na kallon sama minti goma, ko a mayar kan fitila ninki uku na lokacin farko. A ya amfana ƙwarai, da disicaj ya haura 250 kafin huda ta farko. B bai nuna wani bambanci ba, C kaɗan. Haka ya kamata ya kasance: a SBQ abin da ke amsa haske yana manne a jikin imolshan, sauran da bai ɗauru ba yana nan yana jira, shi kuwa diyazon da bai ƙonu ba yawancinsa ruwan wanki ya tafi da shi. Don haka allon diyazo da aka gaza ƙonawa da farko, rana ba za ta cece shi ba.

Takardar A ta yarda a ƙara masa diyazo don ƙarin jure ruwa. An raba rabin roba an haɗa bisa awon da suka rubuta. Lokacin ƙonawa ya kusa ninkawa, kuma daga yau wannan rabin ya bar lissafin shekara ya koma na makonni.

2 ga Satumba

A mai diyazo, da sake haskawa, ya gama 300 na disicaj ba huda, kuma layukansa sun fi na B kaifi.

An lura da hannun masu bugu, don allo biyu iri ɗaya sun mutu a lokuta daban. Wanda ke barin zane a buɗe tsakanin riga da riga, tawada ta bushe masa a ido, sai ya ɗauko jiƙaƙƙen tsumma ya dirje cikin allo. Dirzar nan ta fi disicaj ɓarna. Ƙa'ida yanzu: bayan kowane bugu a mayar da tawada ta rufe zane, a ajiye kwalbar fesa ruwa kusa, a kawar da fanka daga kan tebur. In ido ya toshe, a fesa, a buga sau biyu a kan tsumma. In ya ƙi, a goga ta baya a hankali. In za a tashi salla ko cin abinci, a kwashe tawada a wanke zane kafin a fita.

10 ga Satumba

Maganin taurarawa. Ana shafa shi da soso gaba da baya a busasshen allo, a share rarar, a hura idon zane kada ya toshe, a busar. An yi wa C, aka buga 600 na disicaj a yini biyu, bai nuna gajiya ba.

Kuɗinsa a wajen wanki ake biya. Maganin cire imolshan, mai sinadarin feriyodet, yana narkar da A da C marasa tauri cikin minti biyu. B yana bukatar buroshi da injin feshi mai ƙarfi. C mai tauri sai da aka maimaita sau uku, kuma inuwar zane ta zauna. Akwai mai taurarawa na dindindin mai kwalba biyu, shi in an shafa an sallama ragar ke nan, sai dai a yanke a ɗaura sabuwa. Ya dace da tambarin makaranta da ake bugawa kowace shekara, bai dace da rigar biki ta yini ɗaya ba. Kada a bar maganin cirewa ya bushe a kan allo, in ya bushe kulle imolshan yake yi har abada.

19 ga Satumba

Makonni shida da haɗa B da C. Rabin da aka bari a kan kanta ya yi duhu ya yi kauri, zane na wahalar buɗewa ko a daidai lokacin da aka saba. Rabin da ke firij yana nan kamar jiya. Kamfanoni kan ba haɗin diyazo mako huɗu zuwa shida a ɗaki mai sanyi, kusan wata uku a firij, kuma ɗakin Kano ba mai sanyi ba ne. A ƙasan firij ake sawa, ba a gidan ƙanƙara ba, don in ya daskare ya lalace. A fito da shi awa ɗaya kafin shafi, a bar murfin a rufe har ya huce, kada raɓa ta zuba ciki. Shagon da ba ya shanye kilo ɗaya a wata, ƙaramar roba ta fi masa araha ko da ta fi tsada a kilo.

26 ga Satumba

Matsayar da aka tsaya a kai zuwa yanzu. Aikin yau da kullum na tawadar ruwa, A da sake haskawa. Disicaj har zuwa riga 300, A mai diyazo. Abin da ya haura haka, C da maganin taurarawa mai wankuwa. B an bar shi ga manyan zane marasa siraran layuka, da ranar da za a ƙona da rana saboda rashin wuta, tunda jinkirinsa yana ba da damar ƙirga lokaci. A a tsakar rana kafin a juya ya wuce.

Duk lokutan ƙonawa an rubuta su a jikin bango tare da lambar raga, kuma za a sake gwajin Stouffer duk lokacin da aka buɗe sabuwar roba. Ba a gwada 77T da 90T ba tukuna, su ne na aikin ɗigo-ɗigon hoto, an yi odar raga. Zagaye na gaba sai hunturu ya shigo: danshi zai faɗi, allo zai bushe cikin mintoci, amma ƙura za ta sauka kan jiƙaƙƙen shafi ta bar huda, tawada kuma za ta riƙa bushewa a ido tun kafin a ɗora riga ta gaba. An sayo maganin jinkirta bushewa, za a fara da kashi 3 cikin ɗari a ga ko zai ƙara wa lokacin gasawa.